Gani Ya Kori Ji: Aikin Mai Binciken Kuɗin Sake Gina Ƙasa Bayan Yaƙi

 

Gabatarwa

Duk ƙasar da yaƙi ya ci, da zarar an ajiye makamai sai a buɗe baitulmali, domin akwai gadoji da suka karye, da makarantu da asibitoci da suka rushe, da mutanen da suka rasa matsuguni. Babu lokacin da dukiyar jama'a ta fi shiga haɗari kamar wannan, saboda abu uku ne ke haɗuwa a cikinsa: kuɗi masu yawa, da gaggawa, da ma'aikatun gwamnati waɗanda yaƙi ya riga ya raunana. Don haka ne gwamnatoci kan naɗa mutum guda su ɗora masa nauyin bin sawun kowane kwabo, watau mai binciken kuɗin sake gini.

Wannan lacca za ta duba aikin irin wannan ma'aikaci ta wurare uku. Za ta fara da bakin Tafkin Kainji, inda mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga suka ga sake ginin da ya fi kowane girma a tarihinsu. Sa'an nan za ta waiwayi Nijeriya bayan yaƙin basasa. Daga nan za ta bi tarihin aikin wani Ba'amurke, Stuart Bowen, wanda ya yi kusan shekara 10 yana binciken kuɗin sake gina Iraƙi. Abin da ake so a fito da shi guda ne: mai binciken da ya tsaya ga takarda, ko kuwa ya iso bayan an gama kashe kuɗi, iyakar abin da zai iya shi ne ƙirga asara.

Asalin wannan aiki

Sa ido a kan masu riƙe da dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yakan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka a ranar da aka naɗa shi, domin a gwada da abin da ya tara daga baya. Yana kuma da manzo na musamman, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yakan aika ya je da ƙafarsa ya ga halin da gwamnoni ke ciki, kamar yadda ya aike shi Kufa da Masar. A zamanin En'e kuwa, bayan da aka fara kafa baitulmali a Katsina tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa, Di'o yakan zauna da Ma'aji ya duba littafi ya ƙirga kuɗin da ke cikin akwati. Ke nan tun da daɗewa akwai bincike iri biyu, na littafi da na ido. Na farko yana nuna ko kuɗin sun fita bisa ƙa'ida, na biyu kuwa yana nuna ko sun yi amfani.

Kainji: gidajen da aka ƙirga

Ƙauyukan bakin Kogin Kwara ruwa ne ya ci su, kuma da shirin gwamnati, amma aikin da ya biyo baya bai bambanta da na bayan yaƙi ba. A shekarar 1962 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara, a 1964 kuma, zamanin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka fara ginin madatsar Kainji. Wata haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ce ta karɓi kwangilar, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, aikin duka kuwa ya ci kimanin dala miliyan 200. An toshe kogin a 1968, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya buɗe madatsar a watan Fabrairu na 1969, yaƙin basasa na kan ci.

Ruwan da ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, da faɗin da ya wuce murabba'in kilomita 1,200. Ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirin Foge da gungu masu yawa, ya kuma tashi kimanin mutum 44,000 daga ƙauyuka fiye da 200 a ƙasashen Yawuri da Borgu da Kwantagora. A ƙasar Yawuri, wadda Sarki Muhammadu Tukur ke sarauta a lokacin, abin ya fi shafar Gungawa, mazauna tsibirai waɗanda suka shahara da noman albasa na ban ruwa, tare da Kambari da Sarkawa masunta da sauran mazauna gaɓa.

Da farko an ɗauki hanyar biyan diyya da kuɗi, kowa ya gina nasa. Aikin ya yi ta jan ƙafa, ga shi ranar toshe kogi tana matsowa, sai aka sake shawara, hukuma ta ɗauki nauyin ginin ta hannun 'yan kwangila. Wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara sababbin gidajen, kuma ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya. Sai dai an yi su ne da bulon siminti, aka rufa su da faranti mai lanƙwasa na siminti da asbestos. A bisa takarda aikin ya yi kyau ƙwarai, domin dubban ɗakuna sun tashi cikin ɗan lokaci, kuma an kwashe mutane kafin ruwa ya iso.

To, amma masu shiga ɗakunan sun ga abin da littafin ofis bai nuna ba. Ɗakin jinka da na laka suna da sanyi da rana da ɗumi da dare, na bulo da asbestos kuwa ya zo da akasin haka. In bangon laka ya tsage mai gida da 'ya'yansa za su kwaɓa ƙasa su yaɓe, amma in bulo ya tsage ko faranti ya fashe sai an nemi siminti da magini da kuɗi. Saboda haka mutane da yawa suka gina ɗakunan laka a gefen na hukuma, waɗansu ma suka bar wurin. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne gona. Bisa Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, diyya ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ƙasar kanta ba a biyan ta. Ke nan Bagungen da ya rasa jiƙaƙƙiyar ƙasar tsibiri, wadda kogi ke zuba wa taki duk shekara, ya sami ɗaki a madadin ɗaki, amma babu shafin da aka rubuta albasarsa a ciki. Har ila yau, ƙauyuka da yawa da suka ba da ƙasarsu domin Kano da Kaduna da Legas su sami lantarki sun shafe shekaru masu yawa ba su ga waya ta shigo musu ba.

Ba ana cewa an sace kuɗin Kainji ba ne. Ana nuna cewa littafi yana iya daidaita, kowace bauca da rasit ɗinta, amma jama'a su yi asara. Waɗanda suka je suka tambayi mutanen kuwa masana ne, irin su Farfesa Akin Mabogunje da Wolf Roder da Frank Salamone, waɗanda suka rubuta abin da suka gani. Sai dai masani ba ya da ikon tsayar da biyan ɗan kwangila, kuma yawancin rubuce-rubucen sun fito ne bayan siminti ya bushe.

Bayan yaƙin basasa

Yaƙin da aka fara a watan Yuli na 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970. Gwamnatin Gowon ta yi shelar manufa mai rassa uku, watau sasantawa da sake gini da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya tagayyara, ta kuma ɗora Tsarin Raya Ƙasa na Biyu, na 1970 zuwa 1974, a kan wannan manufa. Wanda aka ba ma'aikatar raya tattalin arziki da sake gini a 1970 shi ne Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Arewa maso Yamma, jihar da Yawuri take ciki a lokacin, kafin ya gaji Cif Obafemi Awolowo a ma'aikatar kuɗi a 1971. An gyara gadoji da hanyoyi da makarantu, kuma ba za a raina wannan aiki ba.

Matsalar ta kunno kai ne da kuɗin man fetur suka ninka wajen sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. Rundunar sojan da ba ta wuce mutum 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙi ta kai kimanin 250,000 a ƙarshensa, kuma dole a gina musu bariki. Da wannan dalili aka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, wanda tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. A 1975 jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, gwamnati na biyan kuɗin jira kowace rana, siminti kuma yana daskarewa a cikin waɗansu.

Bincike ya zo, amma bayan juyin mulkin 29 ga Yuli, 1975. Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitocin bincike, aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, aka kuma sami gwamnoni 10 daga cikin 12 da laifi a kan dukiyar jama'a. Jama'a sun yi murna, sai dai Bahaushe yana da suna ga irin wannan, watau ihu bayan hari. Da akwai ma'aikaci guda mai ikon tambayar tan nawa tashar Legas ke iya saukewa kafin a sa hannu a kan takardun oda, da ya tsirar da abin da kwamitoci goma ba su iya dawowa da shi ba.

Stuart Bowen da kuɗin Iraƙi

Nijeriya ba ta naɗa irin wannan ma'aikaci na musamman ba, don haka in ana son ganin yadda aikinsa yake daga farko har ƙarshe, sai a duba ƙasar da ta naɗa. Amurka ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003. A watan Nuwamba na shekarar Majalisar Dokokinta ta ware dala miliyan 18,400 domin sake gini, ta kuma sa a cikin dokar cewa a naɗa Sufeto Janar mai bin sawun kuɗin. A watan Janairu na 2004 aka ba Stuart Bowen wannan muƙami.

Bowen lauya ne, an haife shi a 1958, ya taɓa aikin leƙen asiri a rundunar sojan sama, ya kuma yi wa George W. Bush aikin lauya tun yana Gwamnan Jihar Texas har ya bi shi fadar shugaban ƙasa. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka an naɗa ɗan gida ne domin ya rufa asiri. Rahotonsa na watan Janairu 2005 ya kawar da wannan zato. A ciki ya bayyana cewa hukumar mamaya, ƙarƙashin Paul Bremer, ta miƙa wa ma'aikatun Iraƙi dala miliyan 8,800 na dukiyar Iraƙin kanta ba tare da wata hanyar tabbatar da inda suka shiga ba. A wata ma'aikata an biya albashin masu gadi 8,206, amma 602 kaɗai aka iya tabbatar da akwai su. Bremer ya yi jayayya da rahoton, yana kafa hujja da halin yaƙi. Daga baya Majalisa ta ji cewa kimanin dala miliyan 12,000 tsaba, masu nauyin tan 363, aka yi jigilarsu a jiragen sama zuwa Bagadaza. 

Abin da ya bambanta ofishin nasa shi ne, ban da masu duba littafi, ya ɗauki injiniyoyi masu zuwa wurin aiki su ga gini da idonsu, shi kansa kuma ya je Iraƙi fiye da sau 30. Da haka aka gano a 2006 cewa daga cikin ƙananan asibitoci 150 da aka ba kamfanin Parsons, 6 kaɗai aka gama bayan an kashe kimanin dala miliyan 186. Da haka kuma aka ga kwalejin 'yan sanda ta Bagadaza, wadda ta ci fiye da dala miliyan 70, ƙazantar bayan gida na ɗiga daga rufin ɗakunan kwanan ɗalibai. A Khan Bani Sa'ad, cikin lardin Diyala, an kashe dala miliyan 40 a kan gidan yarin da aka yi watsi da shi a 2007, hukumomin Iraƙi suka ƙi karɓarsa, bai taɓa riƙe ko fursuna ɗaya ba. Ofishin ya kuma kai ɓarayi gaban shari'a, kamar Robert Stein, ma'ajin hukumar mamaya a Hilla, wanda aka ɗaure shekara 9.

Irin wannan aiki ba ya rasa maƙiya. A 2006 aka cusa wani sashe cikin dokar kasafin tsaro wanda zai rufe ofishin a watan Oktoba na 2007, sai da 'yan majalisa irin su Sanata Susan Collins suka tashi tsaye aka soke shi. A 2007 shi kansa Bowen aka bincike shi bisa ƙorafin waɗansu ma'aikatansa, aka rufe binciken a 2008 ba tare da an tuhume shi ba. A watan Maris na 2008 kuma wani mai bincike na ofishin, Paul Converse, ya rasa ransa sakamakon harin roka a Bagadaza.

A rahotonsa na ƙarshe, na watan Maris 2013, Bowen ya ce daga cikin dala miliyan 60,000, watau biliyan 60, da Amurka ta ware, aƙalla miliyan 8,000 sun tafi a banza. Abin lura shi ne ɓarna ta fi sata yawa nesa ba kusa ba. Da ya zauna da shugabannin Iraƙi ya tambaye su, kukan da suka fi maimaitawa shi ne an yi musu gine-gine ba tare da an shawarce su ba. Ya ba da shawarar kada a fara babban gini sai tsaro ya samu, a fara da ƙananan ayyuka, a sa masu wurin cikin shawara, a kuma kafa bincike tun ranar farko. An rufe ofishin a watan Oktoba na 2013. Bowen ya zama Sufeto Janar na hukumar lafiya ta Texas a 2015, ya kuma ajiye aikin a 2017 bayan ta bayyana yana yi wa wani kamfani mai hulɗa da Gwamnatin Iraƙi aikin ba da shawara alhali yana riƙe da muƙamin. Wannan ma darasi ne, domin mai bincike ɗan Adam ne, kuma dogaro ya kamata ya kasance ga ƙa'idar ofis fiye da halin mai riƙe da shi.

Komawa bakin tafki

Kukan shugabannin Iraƙi a 2013 shi ne kukan Gungawa a 1968: an gina musu, ba a tambaye su ba. Dalilin tuna wannan a yau shi ne kuɗin sake gini sun sake fuskantar Arewa. An kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas a 2017 saboda ɓarnar Boko Haram. An yi dokar hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, a 2010, ko da yake sai bayan kimanin shekara 10 ta fara aiki, kuma Jihar Kebbi tana cikin jihohinta. A 2024 aka sa hannu a kan dokar Hukumar Raya Arewa maso Yamma, yankin da 'yan bindiga suka tagayyara, kuma mutanen Yawuri ba su manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, da aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri.

A nan akwai wani giɓi da ya kamata ɗalibai su sani. Sashe na 85 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon duba asusun gwamnati, amma bai ba shi ikon binciken asusun hukumomin da aka kafa da doka kai tsaye ba. Abin da yake yi shi ne ya ba su jerin sunayen masu binciken da za su zaɓa daga ciki, ya yi sharhi a kan rahotonsu, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Hukumomin raya yankuna kuwa suna cikin wannan rukuni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Daga waɗannan wurare uku ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na farko, a naɗa mai bincike a ranar da aka ware kuɗi, kafin a ba da kwangila ko ɗaya. Na biyu, ya kasance wanda yake bincika ba shi ke biyansa albashi ba, kuma ba ya iya tsige shi. Na uku, ya tafi da injiniya zuwa Wara da Ngaski da Shanga, ya ƙwanƙwasa bango, ya buga famfo ya ga ko ruwa na fitowa, ya zauna a zauren mai gari ya ji daga bakin maza, a kuma ji daga bakin matan da ke ɗebo ruwan. Na huɗu, a buga rahotonsa da Hausa, a karanta shi a rediyo, domin manomin da aka rubuta an gina wa rijiya shi ya fi kowa sanin ko akwai ta.

Waɗansu daga ɗakunan bulo na 1968 suna nan tsaye a ƙauyukan bakin tafki, da ɗakunan laka a gefensu. Ɗalibin da ke shirin zama akanta ko injiniya ko ma'aikacin gwamnati, ya kamata ya je ya gan su, ya tambayi tsofaffin wurin wanne suke kwana a ciki da bazara, kafin a miƙa masa alƙalamin sa hannu a kan kuɗin jama'a.

Allah Ya tsare amanar talakawa, Ya ba masu riƙe da ita ikon sauke ta.